Ƙofa Biyu a Littafin Malam Babba

Idan ka shiga Makarfi ranar kasuwa, ka wuce layin masu rake, akwai wani shago mai koren ƙyaure inda ake buga takardu da cike fom. Matar da ke zaune a kwamfutar ƙurya, da gilashi a kan hanci, ita ce Badi'a. Ba ta cika surutu ba, amma in ka ambaci littafin kakanta, to ka nemi kujera.

A Gubuchi aka haife ta, gidan malamai. Mahaifinta, Malam Muhammadu Auwalu, sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa har yau ba ya kiranta sai "Uwata". Kakanta kuwa, wanda kowa ke ce wa Malam Babba, ya rasu ya bar adaka cike da takardun ajami. Amsoshi ne da ya riƙa ba manoma: wanda salla ta riska a fadama da taɓo har gwiwa, wanda azumi ya kama a tsakiyar girbi, da ire-irensu. Gidan yana da doka a kan takardun nan. Ba a taɓa maganar Malam. Mai gyara ko ƙarin bayani ya rubuta a gefen shafi, ya sa sunansa.

Badi'a ta yi karatun kwamfuta a Zariya, ta dawo ta tarar gara ta fara cin gindin adakar. Shekara biyu ta yi tana ɗaukar hoton kowane shafi, tana juya shi zuwa boko. Sai dai rubutun Malam Babba akwai wuyar karantawa, waɗanda suka san hannunsa kuma tsofaffin ɗalibansa ne da suka watsu, wani a Ikara, wani a Legas. Sai ta yanke shawarar ɗora aikin a sabar, wato kwamfutar da ke can nesa tana miƙa wa duk wanda ya nema ta intanet. Kowa ya karanta a wayarsa, dattawan kuma su duba mata daga inda suke.

Da ta kai wa mahaifinta maganar, ya daɗe yana jan carbi.

"Na yarda, Uwata. Amma ranar da kalma ɗaya ta Malam ta sauya, za ki rufe shi, takardu su koma adaka. Gara ta cinye su ya fi a yi masa ƙarya."

Ta kama hayar 'yar sabar, ta tsara mata ƙofa biyu. Ta farko a buɗe take, ta masu karatu. Ta biyu ta gyara ce: mutum ya sa suna da kalmar sirri, sai fayilolin su bayyana a gabansa kamar a cikin na'urarsa suke, ya buɗe, ya rubuta, ya ajiye. Don ta sauƙaƙa wa dattawa, suna ɗaya ta yi, nata, da kalmar sirri ɗaya. Ta rubuta a takarda ta ba ƙanen mahaifinta, Baffa Yahuza, ya kai wa mutum uku kawai.

To, Baffa Yahuza mutum ne da bai taɓa cin goro shi kaɗai ba. Aka yi walimar saukar karatu a Saulawa, aka miƙa masa lasifika ya yi addu'a. Yana shafawa sai ya zaro takardar daga aljihu, ya yi wa jama'a albishir, ya karanto suna da kalmar sirrin harafi-harafi, har sau biyu saboda na baya.

Badi'a ba ta ji labari ba. Bayan mako uku ta je Gubuchi gaisuwa, mahaifinta ya ce ta karanto masa amsar mai fadama daga wayarta. Tana tsaka da karatu ya ɗaga hannu.

"Maimaita."

Ta maimaita.

"Wannan ba maganar Malam ba ce. Wa ya ƙara?"

Sabar tana riƙe da rajistar duk wanda ya shiga. Badi'a ta buɗe ta. Sau arba'in da ɗaya aka yi gyara, kuma kowanne sunanta ne a kai. Ta faɗa masa haka.

"To ki rufe," in ji shi, ya juya ga littafinsa.

Ana haka sai ga Baffa Yahuza ya yi sallama, ya zube ya gaida yayansa, ya ga fuskokinsu.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Baffa, takardar nan da na ba ka, mutum nawa ka nuna wa?"

"Nunawa? Ban nuna wa kowa ba. Karantawa na yi a Saulawa."

"A lasifika?"

"To da me? Ilimi ne, Badi'atu, ba a rowarsa. Har wani mai gyaran babur ya ce ya shiga ya ga wuri ya ɗan ƙara haske."

Malam Auwalu ya dube shi. "Yahuza, da makullin rumbuna ta ba ka, shi ma a lasifika za ka raba?"

"Ai rumbunka ba lada a ciki, Yaya. Dawa ce kawai."

Malam Auwalu bai yi dariya ba, amma bakinsa ya motsa. Nan Badi'a ta samu ƙarfin magana. Ta ce laifin nata ne, ita ta yi ƙofar da ba ta san dokar gidan ba. Ta roƙi a bar ta ta rufe na ɗan lokaci, ta gyara, shi da kansa ya gani kafin ya yanke hukunci. Ya ce ya ji.

Ta koma ta sake tsarin. Maganar Malam Babba ta sa ta a folda guda, ta kulle ta yadda sabar za ta nuna amma ba za ta karɓi rubutu ba. Ta buɗe wata folda ta kira ta "gefe", nan kaɗai ƙofar gyara ke kaiwa. Kowane dattijo da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma ita ta buga wa kowanne waya ta faɗa masa a kunne.

Saura tsarkake matanin. Wannan kam, na'ura ba ta iya yi. Kullum da safe sai ta hau babur zuwa Gubuchi, su zauna a zaure, shi da takardar asali a hannu, ita tana karantowa, kafin hantsi ta wuce shago. Kwana ashirin da uku suka yi. Wani wurin sai ya ajiye takarda ya ba ta labarin manomin da ya yi tambayar, da yadda Malam Babba ya tsokane shi kafin ya amsa. Cikin gyare-gyaren mutanen Saulawa, biyu daidai ne, ita ce ta yi kuskuren bugu.

"Allah ya saka wa wanda ya gani," in ji Malam Auwalu. "Amma ya zo ya faɗi sunansa."

Ranar da suka kai shafin ƙarshe, ya ce ta gwada sauya kalma ɗaya a gabansa. Ta goge, ta rubuta wata, ta danna ajiyewa. Sabar ta ƙi.

"Sake."

Ta sake. Ta ƙi.

"Ke ma ba ta jin maganarki?"

"Ko ni, Baba, sai na bi wata hanya daban, kuma ba zan bi ba sai kana zaune."

Ya gyara rawani. "Na'urar nan ta fi Yahuza hankali. Buɗe shi, Uwata. Ki yi mini nawa sunan ma, akwai abin da zan sa a gefen shafi na tara."

Yau manoma a Gubuchi da Saulawa suna karanta amsoshin Malam Babba a gindin bishiya, dattawa huɗu na rubutu a gefe, kowa da sunansa. In ka tambayi Badi'a wa ta fi gode wa, bayan Allah da mahaifinta, Baffa Yahuza take cewa, kuma da gaske take. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa samun safiya ashirin da uku a jere ita da mahaifinta su kaɗai ba. Baffa ya ji wannan magana, ya aiko a tambaya ko yanzu za a ba shi tasa kalmar sirrin. Ta aika masa da goro da turare, ta ce ana dubawa.