Baba Tsaya da Kyamara Mai Ido Ɗaya

Ƙarfe shida da rabi na kowace safiya, kafin a buɗe sito, Baba Tsaya ya riga ya rataya usur a wuya, ya kafa ƙafa a bakin lungun da manyan motoci ke shiga da baya. Lungun ƙunci gare shi, tsakanin mota da bango bai wuce kamu ɗaya ba. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaga hannu yana cewa, "Zo, zo, zo... tsaya!" Nan sunan ya samo asali. Har matarsa haka take kiransa, sai dai ita umarni take bayarwa.

Ido ɗaya gare shi, na hagun ya mutu tun yana saurayi. Amma direbobi sun shaida, ko fitilar baya ba a taɓa fasawa a hannunsa ba.

Da ya ce zai ajiye aiki, manaja ya kawo wata injiniya ta liƙa wa motocin kyamara a baya. Ta zaunar da Baba ta yi masa bayani.

"Baba, a cikin kwamfutar nan akwai ƙwaƙwalwar da aka riga aka horar da miliyoyin hotuna. Hoto ɗaya za ta gani ta kintaci nisan komai. Na kusa ta shafa masa ja, na nesa shuɗi."

"Ido nawa gare ta?"

"Ɗaya."

"To, ƙanwata ce. Sai dai ita ta yi makaranta."

Ranar gwaji aka cika mota da farantan tangaran. A bangon ƙarshen lungun kuwa akwai tsohon zanen talla, titi miƙaƙƙe da bishiyoyi gefe da gefe. Na'ura ta ga titi, ta shafe shi da shuɗi, ta ce saura mita talatin. Direba ya ƙura wa allon na'urar ido, ya ci gaba da ja da baya hankali kwance. Baba ya busa usur har ya suɓuce daga bakinsa, ya ruga ya dinga dukan jikin motar da tafin hannu. Direba ya taka birki. Da aka auna, yatsa huɗu ya rage a daki bango.

Manaja ya ce a cire tarkacen nan yau ɗin nan. Injiniya ta tsaya riƙe da kwamfuta, ido ya ciko. Da wani ne, da ya gyara tsayuwa ya karɓi yabo. Baba sai ya ce, "Ranka ya daɗe, na'urar baƙuwa ce. Ni ma watan da na rasa ido, a gefen kofi nake zuba shayi."

Ya ɗaga ritayarsa da wata uku. Kullum shi da injiniya suna zagaya sito, yana nuna mata abin da ke yaudarar mai ido ɗaya: ƙofar gilashi, ruwan da ya kwanta bayan sama ta ɗauke, inuwar tsakar rana. Ta ɗauki hoto, ya faɗi nisa, ta auna da tef, ta koma ta ƙara wa na'urar karatu. Sau biyu kacal tef ya saɓa masa. Ya ce tef ɗin ne ya tsufa.

Baba, kai ne ka tsaya a rana da ruwa don wasu su koma gida da mota lafiya. Kai ne aka kawo maka magaji ka kama hannunsa, ba ka sa masa ƙafa ba. Makon jiya mota arba'in suka shiga lungun kana zaune a kujera, ba ka miƙe ko sau ɗaya ba, ko da yake mai gadi ya rantse leɓenka na motsi.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu da muka rage a bakin aiki, duk abin da muka iya, mu koya wa na baya tun muna da ƙarfin zagaya sito da su.