Ruwan Farko Ba Namu Ba Ne

Gidanmu na Dukawuya yana da rijiya a tsakar gida, kuma duk unguwar an san ta da daɗin ruwa. Kakanmu ne ya haƙa ta, ya rasu ya bar ta a hannun matarsa, wadda muke kira Iya. Iya ba ta da gona, ba ta da ko akuya, amma in kana son ganin ɓacin ranta, to ka ajiye guga a ƙasa maimakon ka rataye shi. Na sha ranƙwashi a kan gugan nan har na daina ƙirgawa.

Ina da shekara tara aka ɗauki Babanmu soja, lokacin yaƙin basasa. Gidan ya rage daga Iya sai Ummanmu, sai mu yara uku, sai ƙanin Baba, Baffa Sule, wanda ba a ɗauka ba saboda yana ɗingishi. Kananzir ya yi wuya, don haka ba a kunna fitila sai da dalili. In an idar da sallar isha'i mukan taru a gindin murhu, Iya ta zuba ganyen darbejiya a garwashi don korar sauro, ta miƙe ƙafa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Ita cewa take, "Ga ta nan tafe da ƙafarta." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa." In muka amsa da sanyin jiki sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta juya, dole mu sake da ƙarfi.

Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. "Mutumin nan naku" take ce masa. In wasiƙarsa ta zo, ni nake karantawa, don ni ce mai zuwa makarantar boko. Iya takan juya mana baya ta kama tsince shinkafa ko tsinkar zogale, wai ita ba ruwanta. Amma na lura hannunta ba ya motsi har sai na kai ƙarshe.

A bayan gidanmu akwai kududdufi. Ruwan sama da ke gangarowa daga wajen Goron Dutse yakan biyo wani kwari ya faɗa cikinsa ta gefe guda, ya fita ta ɗaya gefen. A bakin kududdufin akwai majema, masu gyaran fata da toka da bagaruwa da kashin tantabara, kuma duk ruwan jimarsu ciki yake zuba. Da rani wurin yakan yi baƙi ya yi wari. Amma da an yi ruwan farko mai ƙarfi, kwarin ya kawo, sai ya dama kududdufin tun daga ƙasa ya yi waje da dauɗar shekara guda. Iya tana da doka a kan wannan ruwan. Ko a gida ba a tara tukunya a ƙarƙashin indararo ranar ruwan farko. "Wannan ba namu ba ne," in ji ta, "na shara ne. Ku bar shi ya yi aikinsa."

Yaƙi ya ƙara wa majema aiki, don ana neman fata ta takalma da ɗamarar soja. Ya kuma sa abinci tsada. Baffa Sule, wanda ya tsani a ce yana zaune ɗan'uwansa yana fagen fama, sai ya yi dabara. Can sama da kududdufin akwai wani ƙaton rami da aka daɗe ana haƙar ƙasar gini. Ya tare kwarin da buhunan ƙasa, ya sa ƙyauren katako, ya karkatar da ruwan cikin ramin. In ramin ya cika, ragowar takan fita ta wani siririn bututu ta gangara kududdufi kaɗan-kaɗan. Da wannan ruwan ya yi lambu har tsakiyar rani. Mun ci alayyafo, mun ci tumatir da albasa, a shekarar da maƙwabta ke miya da kuka zalla. Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da Baffa ƙwarai.

Sai dai a shekarar ba abin da ya dama kududdufin. Ruwan bututu yakan bi ta sama ya wuce, dauɗa tana kwance a ƙasa, iska tana kai kumfar jima nan tana dawo da ita can. Kafin ƙarshen rani ruwan rijiyarmu ya fara ja. Daga nan ya fara wari. Ƙaninmu ya yi gudawa ta kwana huɗu, Umma ta ce ba wanda zai ƙara sha, muka koma ɗebo ruwa a famfon bakin titi.

Iya ta yi wa Baffa magana kai tsaye sau ɗaya.

"Sule, ruwa ba ya tsami banza. Tunda ka tare kwarin nan rijiyar ta juya."

"Haba Iya, ni na zuba jima a ciki? Ga masu zubawa can, a je a gaya musu. Ni ruwan Allah na tara, shi muke ci a gidan nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma Iya ta san gaskiya ce.

Ana cikin haka, bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, sai ga wasiƙar Baba. Ya ce an kai su wani wuri inda kogi yake haɗuwa da teku. Ruwan wurin yana shigowa yana komawa sau biyu tsakanin yini da kwana. In kogi ya yi rauni, abin da aka zubar da safe teku yakan dawo musu da shi da yamma har bakin tantinsu, sai damina ta kankama kogi yake iya tura shi. Ya ce duk ruwan wurin zartsi ne. A ƙarshe ya rubuta: "Ku gaya wa Iya ba abin da nake kwaɗayi kamar moɗa ɗaya ta ruwan rijiyarta. In Allah ya dawo da ni, shi zan fara sha."

Baffa ba ya gida lokacin da na karanta. Iya kuwa ba ta juyo ba. Ta ce dai, "Malamar boko, ninke takardar ki ajiye, kada ki cika mu da surutu."

Da daddare, bayan isha'i, Baffa yana zaune a bakin zaure yana gyaran guga na ban ruwa, inda duk abin da aka faɗa a murhu yake ji. Iya ta ce ga ta nan tafe da ƙafarta, muka yi mata shimfiɗa.

Wai akwai wani gari na masunta a daidai inda Kogi take shiga gidan Teku. Kogi mace ce mai tsafta, Teku kuwa tsoho ne mai baƙar rowa da son girma. Halinsa shi ne, duk abin da aka miƙa masa a hankali sai ya ture ya dawo da shi, ba ya karɓar kaya sai an wurga masa da ƙarfi. Mutanen garin suna zubar da ƙashin kifi da tokar murhu da ruwan wanki a bakin Kogi, Teku yana dawo da su safe da yamma. Amma sau ɗaya a shekara Kogi takan ɗaure zani, ta ɗauko babbar tsintsiyarta, ta sharo tun daga kan tudu, ta wurga komai can tsakiyar gidan Teku inda ba ya iya maidowa.

Sai wani manomi a can sama, mutumin kirki mai iyali da yawa, ya ce wannan ƙarfin da Kogi take zubarwa a rana ɗaya ai asara ce. Ya yi mata ɗaki mai kyau ya saukar da ita, ya riƙa sakinta da ludayi, kullum daidai wa daida. Gonarsa ta yi kore. Kogi kuwa ta riƙa isa garin masunta tana jan ƙafa, ba tsintsiya. Ta miƙa wa Teku shara, ya ture. Ta sake miƙawa, ya sake turewa. Shara ta riƙa kewaya garin kamar akuyar da aka ɗaure a turke, har ta shiga randunansu. Masunta suka tafi wajen manomi, ya rantse bai taɓa zubar da ko ƙashin kifi ɗaya ba.

"Kuma bai yi ƙarya ba," in ji Iya. "Bai zuba shara ba. Mai sharar ce ya kulle."

Ƙanwata ta ce, "To sai aka yi yaya?"

"Sai wani ɗan garin da ya yi doguwar tafiya ya aiko cewa yana nan dawowa, kuma ba abin da yake so sai ruwan randar gidansu."

Nan ta tsaya. Ta ɗauki itace ta tona garwashi. Muka jira, ba ta ci gaba ba. Na ce, "Iya, ai ba ta ƙare ba."

"Ƙarshenta ba ya wajena," ta ce. "Ku tashi ku kwanta."

Ni na san daga inda ta samo Teku, tunda ni na karanta mata shi da rana. Matar da ko Wudil ba ta taɓa zuwa ba. Da zan wuce ɗaki Baffa ya kira ni a hankali.

"Binta, Yaya ya aiko da takarda ne?"

Na ɗauko na karanta masa a hasken garwashin da ya rage. Ya karɓa ya juya ta, shi da ba ya karatun boko, ya miƙo mini.

Bayan kwana shida aka yi ruwan farko, da la'asar, irin wanda yake zuwa da iska. Muka ga Baffa ya ɗauki fartanya ya fita yana jan ƙafarsa cikin ruwan. Ya cire ƙyauren, ya ture buhunan, ya bar kwarin ya bi tsohuwar hanyarsa. Daga kan katangarmu na ga ruwan ya afka kududdufi, ya tayar da wani baƙin laka mai warin da ya sa muka toshe hanci, ya yi gaba da shi. Haka ya bar ruwa na biyu da na uku suka wuce. Sai a na huɗu ya mayar da ƙyaurensa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Daminar ta ɗauke da wuri, ramin bai cika ba, lambun ya bushe tun kafin rani ya yi rabi. Muka koma miyar kuka kamar kowa. Baffa ya rame, ya rage magana, amma ban taɓa jin ya yi wa Iya gori ba. Rijiyar kuwa ta washe a ido. Iya ta sa aka yashe ta sau biyu, kullum da safe takan jawo guga ta sansana.

Da yaƙi ya ƙare Baba ya dawo, baƙi, siriri, da jaka ɗaya. Gida ya cika da guɗa da kuka. Iya ba ta fito ba. Da aka lafa sai ta zagayo ta bayan mutane, ta jawo ruwa da hannunta, ta cika moɗa ta ba ni.

"Kai wa mutumin nan naku, na ga kamar yana jin ƙishi."

Ya shanye, ya yi hamdala, ya ce a ƙaro. Sau uku ina kai masa.

Na girma na yi aikin jinya, har aiki ya taɓa kai ni wani gari a bakin teku. Na ga ruwan yana shigowa yana komawa kamar yadda Baba ya rubuta. Masunta suka ce tunda aka yi madatsa a can saman koginsu ba ya kawo da ƙarfi kamar da, don haka dauɗar gari da ta masana'antu sai ta yi ta yawo a bakin ruwan, ta shiga rafukan da a da ba ta kaiwa. Ba su buƙaci yi mini dogon bayani ba. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya a kan laifin Baffa take. Yanzu na gane ba ta kira shi mai laifi ba ko sau ɗaya. Tara ruwa ba laifi ba ne, da shi muka ci. Abin da take nufi shi ne, wanda yake riƙe da ƙyaure a sama shi yake zaɓar inda dauɗa za ta kwana a ƙasa, ko da hannunsa bai taɓa ta ba.

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da na tuna wa Baba ranar moɗa uku. Ya tsufa, yana kwance ina auna masa jini. Ya yi dariya.

"Binta, ranar nan warin jima yana nan a ruwan. Sai da aka yi damina biyu ya fita."

"To me ya sa ka ce a ƙaro?"

"Na hango ta tana leƙe ta bayan asabari. Shekara talatin da biyar ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar nan ta kira, da moɗa. Ke da kin ƙi amsawa?"