Irin Doyar Nna

A gidanmu na Limawa, kakata ta wajen uba, wadda muke kira Nna, gasasshiyar doya take sayarwa a bakin titi. Banufiya ce daga Bida, gajeriya, ga faɗa kamar ta ari baki. Idan aka yi magariba sai ta kwaso ragowar garwashi a tsohon kwano ta shigo da shi tsakar gida, ta jera gutsattsarin doyar da ta yi kwantai. Mu jikoki bakwai mu kewaye ta da ɗan kwanon manja. Ba ta cewa a yi shiru, sai dai ta ce, "Ku matso, garwashi ba ya jiran kowa." Tana kuma da wani hali mai ban haushi: ba ta ƙare tatsuniya rana ɗaya. Da wuta ta mutu, labari ya tsaya, ko da kura ta riga ta buɗe baki. Sai gobe.

Ta ƙarshe da ta fara mana ita ce ta garin da aka yi yunwa. Mutane suka cinye abin da ke rumbu, suka koma kan irin doyar da aka ajiye don shuka, shi ma suka cinye. Tsohuwa ɗaya ce ta ɓoye guda a cikin zaninta. Jikanta yana kukan yunwa, ta hana shi. Aka zage ta, aka ce mayya ce, aka kore ta bayan gari. Da ruwan farko ya sauka, ta ja jiki ta tara ƙasa da hannunta, ta binne irin, ta kwanta a gefensa. A daidai nan garwashi ya mutu.

"Nna, ta tsiro?" in ji ƙanena Sule.

"Gobe," ta ce, "in kun zo da kunnuwanku."

Washegari aka yi bikin littattafai na makarantun unguwarmu. Ina aji biyar, na zo ta ɗaya a gasar karatu, aka ba ni littafi mai hotuna masu launi. Kai, ranar kaina ya fi ƙarfin ɗankwalina! Da yamma Nna ta ajiye kwanon garwashinta, ni kuma na kunna fitilar ƙwai a ɗaya gefen na buɗe littafina. Yaran nan duk suka yo kaina suna leƙen hotuna.

"Hajara," ta ce, "ki bari mu ga doyar nan tukuna."

Na ce, "Nna, wannan bugawa aka yi. Naki ai ƙagawa kike yi, ke da ko bihim ba ki sani ba."

Ba wanda ya mare ni, kuma wallahi da ma an mare ni. Ta juya doyarta a kan wuta, ta ce, "To malama, karanta mana." Ta saurara har na gama. Daga ranar takan shigo da garwashi, ta gasa doya, ta raba mana, amma ba tatsuniya. Mu ma ba mu tambaya ba, muna ta maimaita littafi ɗaya har bangonsa ya cire. Da damina ta yi nisa ciwo ya kama ta, aka kai ta Bida jinya. Saƙon rasuwarta ne ya dawo.

Bana aka gayyace ni bikin littattafai a wani ɗakin taro a Bosso, a matsayin marubuciya. Tebura cike da littattafai, har da uku nawa, ɗalibai suna layi a sa musu hannu. Aka roƙe ni in ba yara tatsuniya, na ba su ta tsohuwar nan, har inda ta kwanta a gefen irinta. Nan na tsaya. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Anti, ta tsiro?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yata." Suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake yi.

Na tambayi dangi a Bida, ba wanda ya taɓa jin tatsuniyar. Na rubuta mata ƙarshe sau huɗu, ina yagawa, don kowanne muryata ce ba ta Nna ba. Ban ga laifin littafi ba, shi ya ci da ni ya sha da ni, kuma ina so yaran nan su yi karatu fiye da ni. Laifin nawa ne. Nna ta gaya mana ɓaro-ɓaro a tatsuniyarta cewa ba a cin iri, ina zaune ina lasar manja, washegari na cinye shi. Yau na girmi shekarun da uwata take da su a lokacin, kuma tsohuwar cikin tatsuniyar tana nan kwance a bayan gari inda na bar ta.