Naɗin da Bahago Ya Fara

Shekarun baya, tun Faransawa ba su gama tattara komatsansu ba, ina aikin komi, wato akawu, a gidan waya na Gaya, abokina direban kamyo, babbar motar kaya, ya dawo daga Parakou da wani kwali a hammata. Wani bakanike Bature da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa. Rediyo ce, amma wadda ba a haɗa ba: ƙananan ƙarafa a ƙunshe, waya siririya kamar gashin wutsiyar doki, 'yar kwalba guda da takardar bayani ta kira lamp, da abin sawa a kunne. Abokina bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ni na yi. Ya dire mini kwalin ya ce in haɗa, ya koma hanya abinsa.

Ni bahago ne. Ina ƙarami mahaifina ya sha ɗaure mini hannun hagu ta baya in za a ci tuwo, kuma igiya ba ta yi masa wuya, don sana'arsa ke nan, shi ke tufka wa masu kamyo da masu jirgin ruwa igiyar rama. Mushe, malaminmu a lakwal, ya ɗora da tasa bulalar. Na girma ina ci da dama, ina rubutu da dama, amma duk aikin da ke son natsuwa sai in faki ido in miƙa wa hagu. A gaban mahaifina kuwa ko allura ban taɓa ɗauka da shi ba. Yakan ce abin da hagu ya taɓa ba shi da albarka, ni kuma a can cikin raina ina tsoron gaskiya ya faɗa.

Kwana huɗu ina kulle a ɗaki, ina gasa ƙarfe a garwashi ina liƙa wayoyi da dalma. Sai mahaifiyata ta tsegunta mini cewa mahaifina ya faɗa wa dattawan ƙofar masallaci su zo ran Juma'a bayan la'asar, ɗansa zai sa akwati ya yi Hausa daga Kaduna. Tun da aka haife ni bai taɓa yin alfahari da ni a gaban mutane ba. Maimakon murna sai na fara tunanin yadda za a yi in ta ƙi magana.

Ran Alhamis saura aiki ɗaya, wato bobin: wani bututun kwali da za a naɗa wa siririyar wayar nan sau biyu, naɗi kusa da naɗi. Na gama na farko da hagu, ya kwanta sumul. Ina shirin fara na biyu na ji gyaran muryar mahaifina a bakin ƙofa. Ya yi sallama, ya shigo ya zauna a tabarma ya ce in ci gaba, kallo ya zo yi. Ban ma yi shawara ba, hannuna da kansa ya miƙa wayar ga dama. Haka na naɗa na biyun ina gumi, ya fito a karkace, na liƙa bakinsa inda takarda ta nuna.

Da safiyar Juma'a na rataya doguwar waya a bishiyar mangwaro, na haɗa pil, wato batir, na sa abin a kunne. Lamp ta yi ja kaɗan. Ban da wani huci can nesa, shiru kake ji. Na bi kowane liƙi sau uku. Na fara zargin ko na ƙona wani abu da ba a sayar da irinsa daga nan har Cotonou. Na je masallaci na dawo, amma ko a yanka ni ban san abin da liman ya karanta ba. Kafin la'asar har an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani tsoho ma tun daga Bengou ya taso a kan jaki.

Mahaifina ya shigo ya tsaya a kaina.

“Ta yi magana?”

“Ba ta yi ba, Baba.”

Na sunkuyar da kai ina jiran maganar da na sani. Sai ya duƙa ya kai fuskarsa kusa da bobin ɗin, ya bi naɗin da farcen babban yatsa, kamar yadda yake duba igiya kafin ya ba mai ita.

“Wanga naɗi biyu ba hannu guda ya yi su ba,” in ji shi. “Wanga ya tahi nan, wanga ya tahi can. Kana tufka kana warwara ke nan. Wane hannu ya yi na farin?”

Na ce, “Hagu, Baba.”

Ya jima yana kallonsa. “Shi ya hi kyau,” ya ce. “Igiyar da bahago ya fara, in wani ya ƙarasa ta da dama, kwancewa take. Warware na biyun ka sake.”

Na warware a hankali, don in wayar ta tsinke babu wata. Na kama bakinta da dama zan fara.

“Ba da wanga ba,” in ji shi.

Na mayar da wayar hannun hagu, wanda bai saba a kalle shi yana aiki ba. Na naɗa, na liƙa, na murɗa maɓalli. Aka yi wani fito mai tsini a kunnena, sai ga muryar mutum tar, yana gaishe da masu sauraro. Ashe takardar ma ta zana kibiya cewa naɗin biyu su bi hanya ɗaya. Ni da na yi lakwal na karanta na wuce, mai tufka igiya ne ya gano. Na cire abin kunnen na miƙa masa da dama, ya sa a kan hularsa ya saurara, sannan ya ce a kira dattawa su shigo ɗaya bayan ɗaya.

Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya, bai kuma ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Har gobe da dama nake ci, da ita nake miƙa wa mutum abu. Na haɗa rediyo da yawa bayan wannan, gashina ya yi fari a kan aikin, amma tsoron bai gama fita ba. Ko yau in ina liƙi wani ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, sai in ga na sauya hannu. Sai in tuna muryarsa yana cewa ba da wanga ba, in mayar da ƙarfen hagu in ci gaba.