Tukwanen Tantabarun Baffa

Shekarar da mutanen Mubi suka kwararo Yola da ƙafa suna gudun yaƙi, gidanmu na Nassarawo ma ya sami baƙi. Baffa, surukina, ya ga wata mata da 'ya'yanta zaune a tashar Jimeta ba su da wurin zuwa, ya taho da su. Mijinta bai samu fitowa daga Mubi ba. Muka share musu ɗakin ajiya na ƙuryar gida, wanda ba a taɓa kwana a cikinsa ba. Adda nake ce mata, don ta girme ni.

Ba a jima ba sai susa ta ɓarke. Yaranta suka fara, sannan nawa, da yake sun maƙale wa juna har can suke kwana. Goggo, ƙanwar Baffa, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ta leƙa bayan ɗana ta ce ƙazuwa ce, kuma baƙi ne suka kawo ta. Ta ware musu kwano da bokiti. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta ce ranar Juma'a a kai su sansanin 'yan gudun hijira. Ni bakina ba ya shiru, amma matar ɗa ba ta ja da Goggo.  Adda kuwa kullum tana bakin murhu tana dafa tufafin yaranta a ruwan zafi, har zannuwan suka koɗe, ba ta ɗaga ido ta kalli kowa.

Maƙwabciyarmu, Anti, 'yar Numan ce, Kirista, tana aiki a ɗakin gwaji na asibitin dabbobi. Na same ta tana wanki na zazzage mata komai.

"Anti, ƙazuwa ce ko?"

"Ban sani ba tukuna. Ban gani ba."

Wallahi har yau ina son wannan magana tata. Gida guda kowa ya yanke hukunci, ita da ta karanci abin ce ta ce ba ta sani ba.

Washegari da hantsi ta shigo da wani tsohon madubin hangen ƙananan halittu, mai aiki da hasken rana. Ta durƙusa ta gaida Goggo, sannan ta zauna a tabarmar su Adda da kowa ke gudu, ta ɗora ƙaramar 'yar Adda a cinya. Ta buɗa tsakanin yatsunta, ta juya wuyan hannunta, ta duba hammata. Ta ce ƙwaron ƙazuwa rami yake yi cikin fata, yana barin ɗan layi siriri, ita kuma cizo kawai take gani. Sai ta miƙe ta shiga ɗakin Adda tana bin bango da ido, har ta tsaya a wata tsaga kusa da rufi. Ta goga farin ƙyalle a wurin. Wasu ɗige-ɗige suka fito kamar garin barkono, suna motsi.

Ta ɗauki ɗaya da tsinken allura, ta ɗora a gilashi, ta juya madubin har ya kama rana.

"Goggo, zo ki gani da idonki."

Goggo ta zo tana gunaguni, ta kanne ido ɗaya, ta sunkuya, sai ta ja da baya tana salati.

"Ƙirga mini ƙafafun," in ji Anti.

"Takwas. Dogaye kamar na gizo-gizo."

"To, na ƙazuwa ma takwas ne, amma guntaye, jikinsa kewayayye kamar kunkuru, kuma ba ya zama a bango. Wannan dogo ne, ja don ya sha jini. Na tsuntsu ne. Wa ke da kaji a bayan ɗakin nan?"

Kowa ya sani. A bayan wannan bangon, ƙarƙashin rufi, tukwanen tantabarun Baffa suke rataye tun kafin a kawo ni gidan. Da hannunsa yake watsa musu dawa kowace safiya, kuma ko baƙo ba a taɓa yanka wa ɗaya ba.

Anti ba ta yi wa Goggo ko kallon gori ba. Ni ce nake ta zuba ido in ga an sha kunya, ita kuwa tana goge gilashinta tana bayanin yadda za a yi feshi a toshe tsagar. Ta ƙara da cewa ita ma da ganin ƙurajen kawai za ta iya cewa ƙazuwa ce. Da wannan ta rufa wa tsohuwa asiri.

Baffa yana tsaye a bakin zaure, ya ji komai. Ya juya, sai ga shi da tsani a kafaɗa. Mijina ya ce bari ya hau, Baffa ya ce a'a, nasa ne. Ya riƙa sauko da tukwanen ɗaya bayan ɗaya, tantabarun suna shawagi a kansa.

Na shiga ɗakin don in taya Adda fitar da kaya a yi feshi, sai na tarar tun jiya ta ɗaure su, tana jiran Juma'a. Goggo ta shigo bayana, ta tsugunna da ƙyar saboda gwiwarta, ta kama kwance ƙullin da kanta. Adda ta dube ta, ta dube ni.

"Ashe ba mu ba ne," ta ce.

Tun ranar da ta shigo gidan ban ga hawayenta ba, ko da ake zancen mijinta. Ranar ta yi kuka.