Katifar Baba daga Achika zuwa Wudil

Wudil zuwa Achika

Ranar Talata, ana idar da sallar asuba, na hau kekena na bar Wudil. Lokacin ina koyarwa a elemantare, Turawa ba su tafi ba tukuna. An aiko mini cewa Baba ba shi da lafiya a Achika, ga shi shi kaɗai tun rasuwar Inna. Matata Rabi, wadda ke jego, ta biyo ni har zaure.

"Malam, ka taho da Baba," ta ce, "amma don Allah ka duba kayansa. An ce kuɗin cizo ya cika ɗakin, ka ga kuma jaririyar nan."

Yashi ya hana keke gudu, rabin hanyar tura shi na yi. Sai ƙarfe tara na isa.

Achika

Na tarar da Baba a kwance, ya rame, damatsansa duk tabon susa. Tun daga bakin ƙofa wani ƙarni ya buge ni. Na ɗaga katifar rimin da yake kai. Ɗinkin gefenta ya yi baƙi da ɗigon kashin kuɗin cizo, ga jirwayen jini, ga fararen ƙwai kamar tsaki. Na zura tsinke a tsagin bango, suka zubo jajaye, sun ƙoshi.

"Baba, yaushe rabonka da barci?"

"Tun kaka. Idona ba ya ganinsu, sai dai in ji su."

Maƙwabciyarsa, Iya Tabawa, ta tafasa ruwa tukunya huɗu. Muka kwarara wa gado da tabarmi, muka shanya tufafinsa a rana har la'asar. Da na ce za a bar katifar a nan, sai ya dafe ta da hannu biyu.

"Uwarka ta tsinci rimin nan, ita ta ɗinka. In babu ita, ba inda za ni."

Achika zuwa Wudil

Laraba da hantsi muka ɗora Baba a jakin Ɗan'azumi, mai fataucin gyaɗa. Katifar na ɗaure ta a bayan keke.

"Malam, yi nesa da buhunana da abin nan," in ji Ɗan'azumi.

Mun tsaya sau ɗaya a gindin wata tsamiya muka sha fura. Baba ya kurɓi kaɗan ya ajiye. Duk hanya yana waiwaye, ya ga ko ƙullin katifar bai kwance ba.

Gida

Da azahar muka iso. Rabi ta durƙusa ta gaishe shi, ta kai masa ruwan wanka, ya sa wankakkiyar rigata. Ni kuwa na zaga bayan gida na farke katifar, ko za a tsira da rimin. Har tsakiyarta suna nan, uwa da 'ya'ya. Na daɗe a tsugune. Daga nan na yayyafa kananzir na ƙyasta ashana.

Ƙaurin hayaƙin ne ya fito da Baba, yana dafa bango. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya har wutar ta cinye, sannan ya ce, "Sani, da ka bari na mutu tukuna."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Iya Tabawa da Ɗan'azumi. Ko ƙwaro ɗaya bai shiga gidana ba. Baba ya yi wata biyu a wurinmu, yana barci a kan sabuwar katifa, tabon jikinsa ya warke. Amma bai ƙara kiran sunana ba har ya rasu.