Murfin Madubin Kakana

Makon jiya na kai keken ɗinkina gyara. Mai gyaran ya buɗe wata 'yar kwalbar mai, ƙamshin ya daki hancina, ban san lokacin da na nemi kujera na zauna ba. Irin wannan man ne kakana yake shafa wa bindigarsa kowace Asabar bayan Azahar, a barandar gidanmu da ke garin Greenbelt, lokacin ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Kada ka ji na ce bindiga ka ɗauka soja ne ko mafarauci. Kakana, mahaifin Ummata, injiniyan ruwa ne. Ya zo ƙasar nan ta Turawa karatu tun yana saurayi, ya faɗa cikin ƙungiyar masu gasar harbi ta makarantarsu, kuma abin ya bi jikinsa har tsufa. Takarda yake harbi, fara mai baƙin ɗigo a tsakiya. Ko ɓera bai taɓa kashewa da ita ba. Bindigar ma a hannun tsohon malaminsu na harbi ya saye ta, ta girmi Ummata nesa ba kusa ba. Nauyi gare ta kamar taɓarya, bututunta kauri, ƙotarta katako ne mai launin zuma, sai dai wuri ɗaya da ya yi duhu, inda kuncinsa ya shekara arba'in yana kwanciya.

Ni ba bindigar ce ta dame ni ba. Madubin hangen da ake ɗaura mata a sama, shi ne nawa abin kallon. Siriri ne, baƙi, tsawonsa ya kai hannuna tun daga kafaɗa. Yana da 'yan maɓallai biyu da suke ƙara ƙas-ƙas in an murɗa su, da murafu biyu na ƙarfe masu zare irin na murfin kwalba, ɗaya gaba ɗaya baya. Akwatinsa daban, na katako, an shimfiɗa masa koren ƙyalle a ciki. In kakana ya gama shafa mai, sai ya kwance madubin, ya ninke tawul a kan ƙarfen baranda, ya ɗora shi, ya ce in zo in duba masa labarin daji.

Bayan gidanmu akwai ɗan kurmi. Da ido ba ka ganin komai sai ganye. Ta cikin madubin kuwa, na ga kurege yana juya gyaɗar itace a hannunsa kamar mai neman inda zai fara. Na ga jan tsuntsu mai tukku yana ba matarsa abinci a baki. Lokacin sanyi, in ganye ya zube, har barewa nakan hango, numfashinta yana fita kamar hayaƙi. Sirararan zare biyu da suka gicciye a cikin gilashin sukan sauka a kan idonta, ni kuma in yi sauri in kawar da su gefe.

Ni yarinya ce marar magana. A makaranta malamarmu ta sha rubuto wa Umma cewa na san amsa amma ba na ɗaga hannu. In baƙi suka zo, bayan labule nake tsayawa in ƙirga takalmansu. Kakana ne kaɗai bai taɓa cewa in gyara hali ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana. Yakan ce, "Uwata bakinta yana hutu, amma idonta yana aiki dare da rana." A wurinsa na koyi Hausar da nake rubuta wannan da ita, don in na amsa masa da Turanci sai ya kama kunne ya ce ya kurumce.

Kuma mutum ne mai tsokana, kamar yadda kakanni suke da jikoki. Duk mako sai ya yi mini kyauta. Ya ba ni fadar shugaban ƙasa, ya ce in na shirya in je in karɓi makulli. Ya ba ni jirgin ƙasan da yake tsayawa kusa da mu, har da direbansa. Ya ba ni gadar da ake hayewa zuwa Virginia. Kowa ya san wannan wasa ne, ni ma na sani.

Amma akwai rana ɗaya da ba ta cikin waɗannan. Ganye ya yi ja, sanyi ya fara shigowa. Kawu, yayan Umma, ya dawo da kakana daga filin harbi, don shi yake kai shi tun da ya daina tuƙi. Na ga takardar da ya harba. Da, hujojin kan taru wuri ɗaya har ka rufe su da ƙwandala. Ranar sun warwatse. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya kwance madubin, ya kira Kawu baranda. Babu dariya a fuskarsa.

"Bindiga ta magada ce in na mutu," in ji shi. "Madubin nan kuwa na ba Uwata, tun daga yau. Ka shaida."

Kawu ya ce, "Na shaida, Baba."

Sai kakana ya kwance murfin gaba, ya sa mini a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai. "Riƙe wannan. Sauran ina aro a wurinki, in kin yarda."

Ya rasu a tsakiyar hunturun nan, ƙanƙara ta rufe baranda har ba a iya buɗe ƙofar.

Bayan sadakar arba'in aka tayar da maganar gado. Malamin masallacinmu ya ce kafin a raba komai, sai an kai kowane kaya wurin wanda ya san shi ya yi masa kuɗi a rubuce. Littattafai da mota ba su ba da wahala ba. Bindiga kuwa, Kawu ya ce ya san wani tsoho da sana'arsa ke nan. Ranar Asabar ce, Umma da Abba duk suna wurin aiki, ni ce kuma na san makullin akwatin yana cikin gwangwanin shayi. Haka aka yi na bi Kawu.

Ya kamata ka san yadda nake da Kawu. Shi ya koya mini keke a filin ajiye motoci, yana gudu a bayana da babbar riga. Shi yake zuwa ranar da iyaye suke ganin malamai in Umma ba ta samu dama ba. In aka ce in zaɓi mutum ɗaya bayan kakana, shi zan nuna.

Shagon yana hayin kogi. Mai shi wani tsohon Bature ne, tabarau rataye a wuya, da abin ji a kunne ɗaya. Na tsaya jikin kantar shagon ina kallon hannuwansa. Da farko ya buɗe bindigar ya tabbatar ba komai a ciki, ko da yake Kawu ya riga ya gaya masa. Ya zare ƙarfen da ake ja a sa harsashi, ya haska 'yar fitila ta cikin bututun, ya leƙa ta ɗaya bakin. Ya gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke jikin bindigar, ya gyaɗa kai da ya ga ɗaya ce. Ya bi ƙotar da babban yatsa har ya iso wurin nan mai duhu. Kawu ya yi sauri ya ce za a iya goge shi a sake fenti. Tsohon ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau, ya ce duk wanda ya goge wurin nan ya goge rabin kuɗinta. Sannan ya faɗi abin da za ta yi. Ya ce an kula da ita, amma irinta suna da yawa, kuma 'yan yanzu ba sa son nauyi.

Da aka buɗe akwatin madubin sai ya je ya wanke hannu.

Ya ɗauke shi da hannu biyu, ya nufi taga, ya saita shi a kan wani allo da ke can ƙetaren titi. Ya daɗe. Ya kai maɓallan kusa da kunnensa mai lafiya, yana murɗawa yana saurare. Ya karkata gilashin ga haske yana neman hazo ko tsaga, bai samu ba. Ya ce zaren cikin na asali ne, ba a taɓa sakewa ba. Ya ce masu ƙera irin wannan sun daɗe da rufe masana'anta, kuma akwai mutanen da suke shekaru suna nemansa da akwatinsa. Madubin, in ji shi, ya ninka kuɗin bindigar sau biyu, har da ɗoriya. Abu ɗaya ne ya rage masa daraja, babu murfin gaba, kuma ba a samun irinsa a kasuwa.

Da ya ɗauko takarda zai rubuta, sai Kawu ya ce, "Bindigar kaɗai za ka rubuta. Madubin ba ya cikin gado."

Ban san yadda zan kwatanta maka daɗin da na ji ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga ina murmushi. Na ce a raina, ga mutumin da ya ce ya shaida, kuma ya shaida.

A hanyar dawowa ya tsaya ya saya mini askirim, duk da sanyin da ake yi. "Murfin da Baba ya ba ki yana nan ko?" Na ce yana nan. "Ki kawo mini in haɗa su wuri ɗaya, kada ya ɓace miki." Na ce to. Sai dai a aljihun rigar sanyina yake kwana yake tashi, ban shirya rabuwa da shi ba. Na ce a raina sai ranar rabo, in ya so in ɗaura shi da hannuna.

Ranar rabon aka ture kujerun falo aka shimfiɗa darduma. Malam yana tsakiya, da dattawa biyu abokan kakana, da Abba, da Kawu. Umma tana gefe kusa da ƙofar kicin, ni ina bayanta. Aka bi kaya ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan bindiga. Kawu ya miƙa takardar tsohon, ya ce, "Ga abin da aka yi wa bindiga da tarkacenta. In ba damuwa a sa ta cikin kasona, tunda ni na san yadda ake ajiye ta."

Tarkacenta. Na ɗauka ban ji daidai ba. Na taɓa gefen mayafin Umma.

Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya mini a gaban mutane. Duk da haka ta yi ƙarfin hali, kanta a ƙasa, ta ce, "Malam, yarinyar nan ta ce Baba ya ba ta madubin tun yana raye."

Malam ya ce in kyauta ce ai ta fita daga gado, amma akwai shaida?

"Ta ce Yaya yana wurin."

Kawu ya yi dariya, irin dariyarsa mai daɗi da kowa yake so. "Ina wurin mana. Ina wurin kuma ranar da ya ba ta fadar shugaban ƙasa. Har jirgin ƙasa ya ba ta, Malam, da direba. Wasan kaka da jika ne."

Dattawan suka yi dariya, ɗaya ya share hawaye yana cewa Allah ya jiƙan mai tsokana. Malam bai yi dariya sosai ba. Ya leƙo ta gefen Umma ya ce, "'Yata, akwai abin da za ki ce?"

Murfin yana cikin hannuna. Na matse shi har zarensa ya zana mini layi a tafi. Na san abin da tsohon Baturen ya faɗa kalma bayan kalma. Na san takardar nan ta bindiga ce kaɗai. Amma faɗar wannan daidai yake da in ce yayan uwata ya yi ƙarya, a gaban limami, a kan dardumar mahaifinsa. Ba a koya mini yadda ake furta irin wannan ba, da Hausa ko da Turanci. Na dubi Kawu ko zai dube ni. Yana gyara hularsa. Na girgiza kai.

Aka shafa fatiha.

Da mutane suka watse, na same shi a bakin ƙofa yana sa takalmi, akwatunan biyu jingine da bango. Ya rage murya ya ce, "Murfin nan fa, 'yata?"

Ban taɓa kallon babba a tsakiyar ido ba sai ranar. Na ce, "Ai wasa ne, Kawu. Bai ba ni komai ba."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Sannan ya sa shi, ya ɗauki kayansa ya fita. Kafin ganye ya sake fitowa ya sayar da su duka biyun, madubin babu murfin gaba.

Yau murfin yana cikin aljihun keken ɗinkina, tare da allurai. An sare rabin kurmin nan an yi gidaje, barandar kuma wasu ne a ciki, na ga sun rataya kekuna. Ban daina gaishe da Kawu ba. Ina durƙusa masa, ina kai masa abincin Sallah har gidansa da ke garin Largo. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Abin da kawai ya sauya shi ne yadda na rena 'yata. Na koya mata gaisuwa da ladabi, amma na ce mata in babba ya yi magana ba ta gane ba, ta tambaya, ko a gaban wa.

A Sallar bara muna gidan Kawu, falo cike da mutane. Ya tsufa, hannunsa ya fara rawa irin ta mahaifinsa. Ya jawo 'yata, wadda yanzu jika take a wurinsa, ya nuna mata agogon hannunsa ya ce, "Kin ga wannan? Naki ne."

Ta dube shi, da Hausarta mai tuntuɓe ta ce, "Da gaske, ko wasa?"

Kowa ya yi dariya ban da ni da shi. Ya ɗago ya dube ni, kallon da na nema a wurinsa shekara ashirin da suka wuce. Sannan ya kwance agogon ya ɗaura mata. Ya yi mata yawa, ya zame har gwiwar hannu.

Ban ce ta mayar ba. Ban kuma ce masa an gode ba.